Dabinon da Gaspar Bai Tsinka Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, bakwai na safe

Likita ta ce in riƙa rubutu, tunda na ƙi magana. 'Yarmu Nieves ta sayo mini wannan littafi mai hoton mage a bango, sai ka ce ni ce yarinyar. Ban san wanda zan rubuta wa ba in ba kai ba, Gaspar. To kai zan rubuta wa, kuma ban da dariyar rubutuna.

Yau kwana ashirin da rasuwarka. Dabino ya fara nuna a gona. Ta tagar kicin ina hango nonon da ka ɗaure da hannunka, shi ya sa na saki labule. Ba wanda ya hau ko bishiya ɗaya tun ranar Talatar nan da ka faɗo. Igiyarka tana wurin ƙaninka Pascual. Shi ya naɗe ta daga gindin bishiyar, ban tambaye shi ba, bai kawo ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, biyar na yamma

Pascual ya zo da miyar da Tsohuwa, mahaifiyarku, ta aiko. Ya zauna a kujerarka. Kujera huɗu ce a kicin ɗin nan, taka ya ga dama.

Awa guda yana zagin gwamnati. Wai sun ce an daina shigo da kayan da aka noma a matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, can ƙasar Falasɗinawa da aka mamaye. Shi kuwa ya cika sitonsa da manyan dabinon nan na waje, masu girman babban yatsa, don cinikin Kirsimeti. Ya ce nasa ya shigo kafin dokar, amma masu kantuna sun tsorata, don samari na bi suna manna wa ƙofofinsu jan sitika, kowa yana cewa a dakata da nasa odar. Ya ce waɗanda ke zaune a Madrid ba su taɓa ɗaga kwali ɗaya ba, ya ce da rabi da rabin abin duk neman ƙuri'a ne.

Na ce masa ni me ya shafe ni. Miji na binne, ba minista ba.

Da zai tafi ya tsaya a tsakar gida yana kallon ɗakin ajiya. Ya daɗe yana kallo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, tsakar rana

Ban ɗaga labule ba. Ina jin faɗuwar dabinon a ƙasa, tim, tim.

Asabar, 11 ga Oktoba, huɗu na yamma

Kwalayenka na ɗakin ajiya Pascual yake so.

Ka tuna ranar da aka kawo su a watan Agusta? Shekara talatin da ɗaya muna ƙunsa wa mutane dabino a takarda, sai bana ka ce kai ma za ka yi irin na manya. Ɗari shida, da hoton bishiya kore, da sunanka a ƙasa: Gonar Gaspar Maciá, Elche. Ka ɗora na farko a kan firji kana zagaya shi kamar an haifa maka ɗa. Na ce maka bishiyar ta fi kama da tsintsiya. Ka yi fushi har washegari.

Pascual ya ce, “Matar yaya, takarda ce fa kawai. Dabino dabino ne. Naku yana zuba a ƙasa, nawa yana zaune a ɗakin sanyi, kwalaye na cin ƙura. Wa aka cuta?”

Ya ce zai ba ni kason da zan sa a rumfa in koma kasuwa, in daina zama cikin duhu. Ya ce zai samo mai hawa ya sauke na gona. Sannan ya ce, a hankali, shi ne ya fara isa gindin bishiyar nan, shi ya rufe ka da rigarsa don kada in gani. Bai ce don haka in ba shi ba. Ya dai faɗa.

Makullin ɗakin ajiya ba ya jikin ƙusa yanzu. Ba na son magana a kai.

Talata, 14 ga Oktoba, takwas na safe

Nieves ta bugo daga Alicante kafin ta shiga aiki a asibiti. Muryarta a dishe, sun yi tattaki ranar Lahadi da tutoci. Ta ce dokar nan ba ta isa ba, amma ai an fara. Na ce mata ubanta bai cika wata guda ba tana yawon titi tana ihu saboda mutanen da ba su san sunanta ba. Ta ce Baba da kansa ya ba ta kuɗin tutar bara. Ƙarya take yi, ko kuma gaskiya ne ka ɓoye mini. Wanne ne?

Ta tambaya ko ina cin abinci. Na ce e. Ta tambaya ko akwai wani labari. Na ce babu.

Mai hawan da Pascual ya ce zai turo bai zo ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, uku na rana

Na koma kasuwa. Ƙafata ta san hanya, ni dai bin ta na yi.

Fina mai zaitun ta rungume ni har da kuka, hannunta duk ruwan gishiri. Da ta gama kukan ta leƙa teburina ta ce, to, ashe bishiyoyin Gaspar sai da ya tafi suka koyi haihuwar 'yan biyu, duk kai ɗaya kamar sojoji. Na ce ta kula da zaitun ɗinta, ƙuda na ciki. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, har yau ban san ko sonta nake ba.

Kafin sha ɗaya na sayar da ashirin da biyu. Mutane suna shafa sunanka a kwali suna cewa na ƙarshe ke nan, bari su kai wa 'ya'yansu. Wata tsohuwa ta sumbaci kwalin. Na karɓi kuɗinta, na ba ta canji.

Sai ga Don Wasfi, Bafalasɗinen nan mai kantin magani da ya yi ritaya, da hularsa da sandarsa. Ka san shi ba ya fashi. Shekara nawa kuna abu ɗaya kowace Asabar: ya ɗauki ɗaya ya ci, ya ce na garinsu Yariko ya fi. Kai ka ce to ga hanya nan, je ka sayo. Shi ya ce sun rufe hanyar, auna mini rabin kilo. Ku yi dariya kamar yau kuka fara. Ni kullum haushi abin ke ba ni, don kuna tare wa masu saye wuri.

Ya cire hula ya yi mini gaisuwa. Ya buɗe kwali, ya ɗauki ɗaya. Bai kai baki ba. Ya juya shi, ya shinshina, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko.

“Doña Encarna,” ya ce, “wannan bishiyar Gaspar bai taɓa hawanta ba.”

Na ce in ba saye zai yi ba ya ba mutane wuri. Haka na ce masa, Gaspar. Ga mutumin da ya tsaya a rana awa biyu ranar jana'izarka, a cocin da ba nasa ba. Ya mayar da hularsa, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya tafi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, shida na yamma

Abincin rana a gidan Tsohuwa. Shinkafa mai gasasshen ƙwai a sama, wadda kake so. Ta zuba maka a faranti kafin ta tuna, matar Pascual ta ɗauke.

Pascual yana cikin farin ciki da ciniki, sai dai abu ɗaya ya dame shi. Masu kantuna biyu sun ce kwali ya yi kyau, amma tsofaffin garin nan sun ce dabinon Gaspar da suka sani yana da ɗan ƙanshin ruwan khal mai tsamin nan, wannan kuwa babu. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, yana yaro yana ganin Mama tana yayyafawa ta rufe da bargo. Ya ce in zo sito ranar Talata in nuna wa ma'aikatansa.

Tsohuwa ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Ni na ji.

Mutumin da aka haifa a gindin dabino. Tun yana ɗan sha takwas ya gudu daga igiya ya koma tebur da waya, yau shi ne zai koya mini khal.

Talata, 21 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma

Na je.

A bayan sito an tara kwalayen asali, an yayyanka su da wuƙa za a kai wa masu sayen tsohuwar takarda. Na tsinci wani yanki mai rubutun da ba na iya karantawa, da lamba, da sunan wani wuri da harafinmu a ƙasa. Ban san dalilin da na sa shi a jaka ba.

Sun fito da kayan duka daga ɗakin sanyi. Duka, Gaspar. Sun juye a manyan robobi. Pascual ya sayo khal jarka huɗu, da abin feshi irin na maganin ƙwari, da barguna sababbi fil daga kantin 'yan Sin. Ya naɗe hannun riga kamar mai aiki. Yana fesawa yana ba ma'aikata labarin yadda ubansu ke hawa bishiya mai tsawon bene biyar ba takalmi.

Na tsaya na kalla. Aka rufe da leda, aka ɗora barguna, aka bar su a inda rana ke dukan kwano.

Na dawo na wanke hannuna sau uku, ko da yake ban taɓa komai ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bakwai na yamma

Nieves ta zo ba sanarwa, tana neman katin asibitina a jaka ta ci karo da yankin kwalin. Ta buga sunan a waya. Ta juyo mini da hoton: dabino a jere, layi layi har ƙarshen ido, duk tsawo ɗaya, da waya mai ƙaya, da tankin ruwa. Ta ce a kwarin Jodan ne, ba nisa da garinsu Don Wasfi. Ta ce mutanen ƙauyukan wurin ne ke hawa su tsinko a kan ladan yini, a ƙasar da kakanninsu suka noma.

Ta tambaya me wannan ke yi a jakata. Ta je ɗakin ajiya ta dawo. Ban taɓa ganin fuskarka a fuskarta ba sai yau.

“Mama, kin sayar?”

Na ce ita da ke cin albashin gwamnati ba za ta koya mini yadda ake riƙe gida ba. Na ce gwamnatin da take yabo ba ta aiko ko mutum ɗaya ya sauke mini dabinona ba. Na ce abubuwa da yawa. Ta ce ita ba maganar gwamnati take ba, maganar sunan ubanta take. Ta ɗauki jakarta. Ko kofin da na haɗa mata ba ta sha ba.

Ni ban san komai a kan iyakoki da dokoki ba, aji shida na yi. Amma na san shekara nawa dabino ke yi kafin ya ba ka ɗa na farko, na kuma san yadda mutum ke ji yana kallon bishiyarsa ta taga ba ya iya zuwa. Ni kwana talatin da shida. Shi Don Wasfi tun kafin in yi aure.

Alhamis, 23 ga Oktoba, biyu na rana

Zafi yau kamar Agusta. Kwana biyu ke nan a ƙarƙashin bargo.

Juma'a, 24 ga Oktoba, goma na safe

Pascual ya bugo da murna. Ya ce sun buɗe jiya da yamma, suna sheƙi, ƙanshi kamar kicin ɗin Mama. Sun kwana suna zubawa a kwalayenka, sun gama da su kaf, kuma tun da asuba motarsa ta raba tamanin a kantunan gari saboda bikin ziyarar kaburbura.

Na zauna a ƙasa a gindin waya.

Ba haka na zata ba. Na zata zai bar su har kwana huɗu. Na zata zai ɗaga bargo ya gani da idonsa a cikin roba, a cikin sitonsa, kwalayenka suna gefe a bushe.

Asabar, 25 ga Oktoba, tara na safe

Ban je kasuwa ba. Na ce wa Fina ciwon kai.

Litinin, 27 ga Oktoba, huɗu na yamma

Fina ta zo har gida, wai duba ni. Ta zauna ta kwashe mini komai, ba ta rage ba. Fatar dabinon ta saɓule, ruwa ya tsattsafo ya jiƙa kwali, ƙananan ƙudajen nan sun cika kantin titin Carrer Ample har mai shi ya rufe na rabin yini. Wata ta kai wa surukarta, aka buɗe a gaban baƙi, wari kamar gindin tulun giya. A layin mai burodi ana cewa ashe dabinon Gaspar dama haka yake, mutuwa ce ta tona. Wani ya ce ƙila shi ya sa bai taɓa sa suna a kayansa ba sai bana.

Ta ce ita dai ta kare ka. Ta ce ta gaya musu ruɓaɓɓen da aka tsinta a ƙasa ne matarka ta kwashe ta sayar, ba laifinka ba ne. Wai kare ka ke nan.

Na raka ta ƙofa na rufe kafin ta gama sallama.

Talata, 28 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Pascual ya zo. Bai zauna a kujerarka ba yau, bai zauna ba sam. Duka ya lalace, na sito da na kantuna. Motar shara ta kwashe da safe, da kwalayen da komai. Ya ce rabin shekararsa ce ta tafi a motar nan. Ya ce ma'aikata biyu zai sallama, ɗaya matarsa na da ciki, in je in gaya musu da bakina.

“Kin sani,” ya ce. “Kina tsaye kina kallona, kin sani.”

Na ce shi da aka haifa a gidan, ni shigowa na yi.

Ya ce da ya san haka ne da ya bar ni na ga abin da ya gani a gindin bishiyar nan. Da ya faɗa sai ya kama bakinsa. Na ɗauki tsintsiya na fara shara ta inda yake tsaye har ya kai ƙofa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, shida na safe

Zan rubuta, tunda kai kaɗai ke karantawa.

Khal na ɗanyen dabino ne. Rawaya, mai tauri, wanda sanyi zai riske shi bai nuna ba. Ka tsoma reshe ka yarfa masa sau biyu, kamar Fada yana yayyafa ruwa a coci, ka rufe kwando da tsohon bargo, bayan kwana biyu ya yi laushi ya yi zaƙi, a cinye shi cikin kwana uku. Wanda ya riga ya nuna ya sha rana ya bushe, in ka jiƙa shi ka ɗumama shi, kashe shi ka yi. Kowace mace a gonakin nan ta san wannan. Uwarka ta koya mini a makon da aka kawo ni.

Ba kallo kawai na yi ba, Gaspar. Da ya fesa roba ta farko ya juyo ya ce, matar yaya, ya isa? Na ce masa ƙara.

Sau uku ya tambaya. Sau uku na ce ƙara.

Kalma ɗaya ce ta gagare ni ranar da ya nemi makulli, a'a. Da na faɗe ta da kwalayenka suna nan, da sunanka yana nan, da mai cikin nan mijinta na da aiki. Na kasa faɗa masa a fuska, na bi ta bayan bargo. Yanzu ga shi a layin burodi ana taunar ka.

Ina jin haushinsa. Ina jin haushin Nieves da take da gaskiya, da Madrid, da masu sitika, da waɗanda suka kafa waya a gonar mutane can. Ina jin haushinka da ka ce igiyar za ta ƙara shekara ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, biyar na yamma

Makabarta cike, kowa da furanninsa da bokitinsa. Na wanke dutsen kabarinka. Har yanzu ba su sa hoton ba.

Pascual da matarsa sun tsaya can nesa. Tsohuwa ta zo da sandarta ta gyara furannin da na jera, kamar yadda ta saba gyara duk abin da na taɓa. Ba ta kalle ni ba. Ta ce shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɓata mata ko kwando ɗaya ba. Ta ce 'ya'ya biyu gare ta, ɗaya yana cikin bangon kaburburan nan, ɗayan ba ya barci.

Na ce Mama, sunan Gaspar ne a jiki.

Ta ce, “Da kika ba da makulli, sunan wa ke jiki?”

Nieves ta zo daga baya. Ta karɓi bokitin daga hannuna ta je ta zubar.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ɗaya na rana

Na je ofishin kasuwa. Wata yarinya mai tabarau ta rubuta abin da na faɗa. Na ce ranar sha takwas ga wata na sayar da kwali ashirin da biyu da sunan mijina, kuma abin da ke ciki ba na gonarsa ba ne, na waje ne, na ajiye mata yankin kwalin a tebur. Ta tambaya wa ya zuba. Na ce ni na ba da makulli, sauran su nemo da kansu, aikinsu ne. Ta ce za a aiko mini da takarda, akwai tara, ƙila a rufe rumfar na wani lokaci. Ta tambaya ko na san dokar shigo da kaya. Na ce ban zo don dokarsu ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Pascual ya turo saƙo a waya: zai sayar da rabinsa na gona, in shirya ganin baƙo a kan iyaka. Kuma kada in zo Kirsimeti.

Da yamma an ajiye leda a ƙofa. Igiyarka ce. Na ga inda ta tsinke. Na sa ta a ƙarƙashin gado ta ɓangarenka.

Laraba, 5 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Na ɗaga labule.

Ƙasa baƙi ƙirin da wanda ya zuba, zanzaro ko'ina. Manyan sun tafi, bana babu su. Amma Gajera, wadda ka dasa a bakin rijiya ka ce ta tsufanmu ce, don ko da tsani ma a kai, tana da nono biyu da ba su nuna ba. Kullum ita ce ta baya, kana ce mata malalaciya.

Na bugo wa Nieves na ce ina bukatar mai riƙe tsani. Ba ta tambayi komai ba, ta shigo jirgin ƙasa na ƙarfe tara. Ta ce ita za ta hau, na ce ba wanda zai ƙara hawa a gidan nan sai ni. Mataki bakwai. A na huɗu na tsaya, ta ce Mama ina riƙe. Ƙaya ta tsaga mini hannu wuri biyu.

Kilo huɗu da ɗan kai. Na nuna mata yadda ake yarfawa. Ta ce shi ke nan, wannan ɗan? Na ce shi ke nan. Muka rufe da bargonka mai ƙonewar sigari.

Ta sha kofinta yau.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bakwai na safe

Sun yi. Na ci ɗaya a tsaye, na yi kuka a kan kwando.

Asabar, 8 ga Nuwamba, uku na rana

Takardar ofis ba ta iso ba tukuna, to na buɗe. Na rubuta a bayan kalanda da babban baƙi na jingina a gaban tebur: DABINON DA NA SAYAR A KWALIN GASPAR BA NASA BA NE. NI NA YI, BA SHI BA. NASA GA SHI A KWANDO. Nieves ta so ta gyara mini kuskure biyu, na hana.

Wasu sun karanta sun wuce. Mai kantin Carrer Ample ya tsaya ya gaya mini abin da ke ransa, na bar shi ya gama. Tsohuwar da ta sumbaci kwali ta zo, na mayar mata da kuɗinta, ta karɓa ta ƙirga a gabana. Fina ta ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, sannan ta sayi kwatan kilo, ta biya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sha biyu ta wuce bai zo ba. Na fara naɗe takarda.

Sai ga hular. Ya tsaya ya karanta kalandar tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar takardar likita. Na fara cewa Don Wasfi, ranar nan, ya ɗaga hannu. Ya duba kwando. Ƙanana, wani baƙi wani ja, ba biyu da suka yi kama. Ya zaɓi ɗaya ya ci, ya fitar da ƙwallon ya riƙe a tafinsa.

“Na Yariko ya fi,” ya ce.

Ya tsaya yana jira. Ni ma na san abin da yake jira. Shekara ashirin ina jin ku, ban taɓa sauraron abin da yake amsa maka ba sai bana. Na ce ba zan iya ba. Ya ce ai ba a canza wa ciniki ƙa'ida don mai rumfa ya yi tafiya.

Na ce, “To ga hanya nan, je ka sayo.”

“Sun rufe hanyar,” ya ce. “Auna mini rabin kilo.”

Ba mu yi dariya ba, amma mun kusa.

Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ɗauko kwalin nan na kan firji. Shi kaɗai ya rage cikin ɗari shida, na goge masa ƙura da safe. Rabin kilo bai cika shi ba, suna ta gangarawa a ciki. Ya ɗaga shi ya duba hoton, ya ce wannan bishiya ce ko tsintsiya.

Ka ji, Gaspar? Ba ni kaɗai ba ce.